Agogon Sitti, Ajiyar Inna

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa mallakar abu mai tsada ba, amma ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana kwana ɗaki ɗaya da wani agogo ƙirar Faransa wanda ya girmi kakanta. Ba nata ba ne. Ita ce ma maganar farko da take yi wa duk baƙuwar da ta tsaya tana kallonsa: "Ba nawa ba ne, ajiya ce." Ko ba a tambaye ta ba sai ta faɗa.

Tana 'yar shekara bakwai iyayenta suka iso da ita Makka daga ƙasar Kano, ta Chadi da Sudan. Suka yi aikin hajji, suka zauna a unguwar Jarwal kamar sauran 'yan'uwanmu da yawa. A nan ta girma, ta yi aure, ta haifi Yayana, ta haife ni. Babanmu tsire yake sayarwa, Larabawan gari suna yi masa layi. Ita kuma raino take yi a gidan wasu tsofaffin attajiran Makka, dogon gida mai tagogin katako sassaƙaƙƙu, wanda in ka hau samansa kana hango hasumiyoyin Masallacin Harami. Uwar gidan kowa Sitti yake ce mata. 'Ya'yanta biyu suna ce wa Inna Dada, yadda yaran Makka suke kiran mai rainonsu. Namiji ne babba, sai auta mace, sa'ata. Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin haushin autar nan, don bayan da ya kamata a goya ni a kai ita ta cinye rabinsa.

A zauren baƙi na gidan agogon yake, cikin wani alkuki a bango, an kife shi da murfin gilashi. Tsayinsa ya kai kamu guda, ga nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Fuskarsa fara ce, lambobinta kamar an jera tsinke. A samansa wani tsoho ne zaune, mai gemu har ƙirji, da fukafukai a baya, da dogon lauje a kan cinya, ba komai a jikinsa sai ɗan ƙyalle a ƙugu. Daga gefe wata mace ta jingina da fuskar agogon, ta buɗe littafi. Duk jikinsu rawaya ne mai sanyi a ido. An ce kakan mijin Sitti ne ya zo da shi daga Istanbul. Ba mai taɓa shi sai Sitti da kanta. Ranar Juma'a take ɗage gilashin, ta murɗa shi da makulli, ta ɗan shafe shi da gashin tsuntsu, ta mayar da murfin.

Inna ta daɗe da gama fassara mutanen nan biyu. A wurinta tsohon manomi ne da ya gaji, macen kuma 'yarsa ce tana karanta masa takardar hukuma tunda shi bai yi makaranta ba, kamar dai yadda nake karanta mata nata takardun. Na ce, "To fukafukan fa, Inna?" Ta ce, "Ke kin cika bin ƙwaƙƙwafi. Mutanen zamanin da ai ba irinmu ba ne."

Na haura shekara talatin aka zo rushe unguwarsu Sitti don faɗaɗa masallaci. Ta tsufa, mijinta ya rasu, dole ta koma Jidda wurin ɗanta. Shi kuwa ya ce duk abin da za a kwasa a kwasa, amma gunki ba zai shiga gidansa ba. Auta tana ƙasar waje da mijinta. Sai Sitti ta aika aka kira Inna. A gabana ta kama hannunta ta ɗora a kan gilashin, ta ce, "Ki riƙe mini shi har yarinyar nan ta dawo. Ban yarda da kowa ba sai ke." Inna ta ce, "Na karɓa."

Muka ɗauko shi a motar kaya. Inna ta rungume agogon, ni aka ba ni murfin. Kafin mu kai Jarwal direba ya faɗa rami, gilashin ya tarwatse a cinyata. Inna ba ta ko tambaye ni ko na yanke ba. Washegari ta sa Yayana ya kai ta har Jidda don kawai ta gaya wa Sitti murfi ya fashe. Sitti ta yi dariya, ta ce gilashi ai gilashi ne. Sai da suka dawo Inna ta lura da tsumman da na ɗaure hannu da shi.

Yayana shi ma bai so zaman agogon a gidanmu ba. Ya ce tunda dole ne, a bar shi ya sa zarto ya cire kan tsohon da na matar, shi ke nan sun tashi daga siffar mutane. Har ya ɗauko zarton. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu.

"In ka sami naka, ka yanke masa har ƙafafu. Ajiya ba a rage mata ko ƙwayar gero."

"Inna, siffa ce fa."

"Na ji. Zan sa musu sutura. Halas, magana ta ƙare, mayar da zartonka."

Ta yanki koren yadi ta ɗinka wa agogon riga da hannunta, ta huda da'ira daidai fuskarsa don a riƙa ganin lokaci. Haka yake zama a kan durowarta duk mako, tsoho da 'yarsa a lulluɓe, ba abin da ake ji sai tafiyarsa da 'yar ƙararrawar da yake bugawa. Yayana ya yi ta ƙunƙuni na wata guda, ya gaji ya bari.

Sai dai tunda babu gilashi, ƙura ta sami hanya. Inna kuwa abu ɗaya ta sani game da ƙarfe mai launin rawaya, kuma a wurin uwarta ta koye shi: tsamiya da toka. Da su kakata ta riƙa wanke tasoshin tagullar da ta sha wahalar ɗaukowa tun daga gida, har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Macen da ta bar tasarta ta dusashe, a wurin su Inna, ba ta cika mace ba. To balle kayan amana.

Kowace Alhamis da hantsi za ta jiƙa tsamiya, ta tankaɗe tokar kaskon turare, ta shimfiɗa tsohuwar tabarma. Ta tuɓe wa agogon riga, ta toshe ramukan makulli da auduga, ta rufe fuskar da ƙyalle don kada ruwa ya shiga. Daga nan ta hau gugar tsoho. Tana yi tana yi masa hira. "Sannu Malam, an sha ƙura. Ɗaga hammata." Gemunsa da tsohon buroshin haƙori take bi, gashi-gashi. Ranar da ba ni da aiki nakan zauna mu yi tare, ni ce mai goge fukafukai, don yatsuna sun fi nata shiga lungu. In mun gama, ɗaukar ido yake yi har sai an kanne. Inna ta ja da baya ta dube shi, ta ce, "Da Sitti ta gani." Ina son waɗannan safiyoyin. Ban taɓa samun uwata ni kaɗai kamar a kan tabarmar nan ba.

Bayan 'yan shekaru ta fara ƙorafi. Da, in ta goge shi, sai ya yi mako yana ƙyalli. Yanzu kwana uku ya fara duhu. Ta ɗora laifin a kan hayaƙin motoci, da ƙurar gine-ginen da ake ta rushewa, da lalacewar tsamiyar zamani. Maganin da ta samo shi ne ta ƙara toka ta ƙara ƙarfi.

Sitti ta rasu. A wurin ta'aziyya Inna ta tuna wa babban ɗan cewa akwai kayansu a hannunta, ya ce ta jefar in ta ga dama. Auta ta zo na kwana kaɗan, ta rungume ta tana kuka, ta ce, "Dada, ki ci gaba da riƙewa har in dawo gaba ɗaya." Rusau ya iso layinmu a Jarwal, muka koma unguwar Rusaifa, hawa na biyu, Inna da agogo a cinya. Gwiwoyinta suka fara ciwo, idonta ya rage. Wata rana agogon ya tsaya cak. Daga lokacin magana ɗaya ta kama bakinta, safe da yamma: "Ba na so in mutu da kayan mutane a ɗakina. Ina so in miƙa shi yadda aka miƙo mini, in ji an ce an karɓa." In na ce ta daina kiran mutuwa, sai ta ce ai ba sai an kira ta take zuwa ba.

Rannan auta ta bugo waya. Mijinta ya ajiye aiki, sun dawo Jidda da zama, za ta zo ranar Asabar ta gaida Dada ta karɓi agogon uwarta. Inna ta yi ta hamdala kamar an ce mata ta sami gida a Aljanna. Sannan ta juyo kaina. Da tafiyarsa aka ba ta shi, da tafiyarsa za ta mayar. In nemo mai gyara, yau ba gobe ba.

An kwatanta mini wani tsoho ɗan asalin Bukhara a unguwar Utaibiyya, mai ɗan shago tsakanin gidan burodi da mai ɗinkin takalmi. Na naɗe agogon a bargo, na zaunar da shi a kujerar gaba na ɗaura masa bel. Da na buɗe shi a kan teburin tsohon, sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya bi gemu, ya bi lauje, ya bi littafin matar. Ni kuwa ina tsaye ina jiran yabo.

"La haula wa la ƙuwwata," ya ce da Larabci. "Wane azzalumi ne ya yi wannan aiki?"

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce, "Ya ammi, baffa, ka iya bakinka. Uwata ce, kuma duk Makka ba mai riƙon kaya kamarta. Shekara ashirin ba ta tsallake Alhamis ɗaya ba."

"Tana yi masa me?"

"Tsamiya da toka."

Ya rufe idonsa kamar na taka masa ƙafa. Bai yi mini gardama ba. Ya ɗauki wani siririn sukudireba, ya kwance tsohon daga mazauninsa, ya ɗaga shi, ya ce in matso. A wurin da tsohon yake zaune, inda yatsa ba ya kaiwa, akwai wani ɗan fili kamar tafin hannun jariri. Launinsa daban. Rawayan nan ne mai sanyi da na sani a zauren Sitti, wanda na manta da shi don a hankali ya tafi, ba rana ɗaya ba. Da na dubi sauran jikin agogon kusa da shi, sai na ga ja-ja ne, ƙyallinsa irin na tasa.

"Wannan ne launinsa, ya binti, 'yata. Ruwan zinare ne na gaske, da wuta aka ɗora shi a kan tagulla. Zinare ba ya dusashewa. Ba abin da yake so sai a kaɗe masa ƙura. Abin da uwarki take gani yana duhu, tagullar da ke ƙasa ce. Zinaren ya bi ruwan tsamiya tuntuni."

Na nemi kujera na zauna. Garin neman gira mun rasa ido, kuma da hannuna a ciki, don fukafukan nan da suka fi ko'ina ja ni na yi musu. Na tambaye shi ko za a iya mayarwa kafin Asabar. Ya ce irin aikin da aka yi masa an daina shi tun da daɗewa, don hayaƙinsa kashe maƙeran yake yi. Akwai masu tsoma ƙarfe a ruwan zinaren zamani, amma duk wanda ya san agogon zai gane, kuma shi ba zai sa hannunsa a ƙarya ba. Cikin agogon kuwa lafiya lau, datti ne da bushewar mai, in dawo jibi.

Ganin yadda na damu, sai ya zuba mini shayi ya shiga ba ni labari don ya rage mini zafi. Ya ce irin waɗannan agogunan a kan kantar murhun ɗumama ɗaki ake ɗora su a ƙasashen sanyi. Tsohon, a tatsuniyoyin Girkawan da, shi ne Zamani, laujen na girbe kwanakin mutane ne. Matar kuma mai rubuta tarihi ce. Na ce masa fassarar uwata ta fi tasa daɗi, na gaya masa ta manomi da 'yarsa. Ya yi dariya har ya ƙware.

A hanyar gida na yanke shawara: Inna ba za ta ji ba. Tsohuwa mai shekara tamanin, abu ɗaya take taƙama da shi a duniya, cewa an ba ta amana ta riƙe. Ni zan tsaya a gabanta in ce mata abin da ta hana zarto ya yi, ita ta yi shi da soso? Na san halinta sarai, na ga tafiyar Jidda a kan gilashi kawai. Amma na ce wa kaina wancan ƙaramin abu ne, wannan kuwa zai iya kwantar da ita.

Ranar Laraba na dawo da agogon yana tafiya, yana buga ƙararrawarsa. Inna ta kanga kunne a jikinsa tana murmushi. Ranar Alhamis da hantsi na fito na tarar ta jiƙa tsamiya, ta shimfiɗa tabarma.

"Zo mu yi masa wankan sallama."

Na ce, "Inna, mai gyara ya ce kada a taɓa shi, sai sabon man ya zauna."

"Man yana ciki, ni waje zan goge."

"Haka dai ya ce. Don Allah ki bari."

Ta dube ni da idanun nan nata da suka yi fari-fari. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kawai ta ce, "Tayyib, shi ke nan," ta sa na zubar da tsamiyar. Kwana biyun da suka rage na yi ta lallaɓa ta. Ta ce miya ta yi gishiri, na ce gaskiya ne. Ta ce na ƙure na'urar sanyi, na tashi na rage ba musu.

Asabar bayan la'asar na sauka ƙasa na tari auta a bakin gini. Ta yi ƙiba, ta yi furfura a goshi, ta koma Sitti sak. Kafin mu gama gaisawa na zayyana mata komai da Larabci, a tsaye a gindin matakala. Na ce, "In kin ga dama ki zage ni daga baya, ni na yi fukafukan. Amma a gabanta ki yaba. Uwata ce, ke ma kin sha bayanta." Ta riƙe hannuna ta ce, "Kina tsammanin sai kin roƙe ni?" A nan na yafe mata rabin goyon da ta cinye mini.

Inna tana zaune a bakin gado cikin fararen kayanta na Juma'a. Suka rungumi juna, suka yi kuka, suka yi dariya. Auta tana jefa 'yar Hausar da ta tsinta a bayan Inna, "ina kwana" da yamma, Inna tana gyara mata. Aka sha gahawa. Sannan Inna ta yi bisimilla ta zare koren yadin.

Na ga fuskar auta a daƙiƙar farko. Ta san agogon nan tun tana rarrafe. Ta haɗiye abin da ta haɗiye, ta tafa hannu.

"Masha Allah, Dada! Wallahi ya fi yadda yake a gidanmu kyau! Dubi ƙyalli! Ko a kanti ba a samun irin wannan. Masha Allah, tabarakallah!"

Ta yi ta yi, har ni na fara jin ta zarce. Da ta gama, Inna ta dube ta ta ce:

"Ya binti, shekara uku kina bayana. Ba ki taɓa yabon abu haka ba sai in kin fasa wani abu kin tura ƙarƙashin gado." Ta juyo wurina. "Ke kuma tun da kika dawo daga Utaibiyya ba ki yi mini gardama ko sau ɗaya ba. Na ce miyarki ta yi gishiri, alhali ko gishirin ba ki sa ba, kika ce gaskiya ne. Ni tsohuwa ce, ba jaririya ba. Me ya sami agogon mutane?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na gaya mata, da Hausa, ba ragi. Ta ce in nuna mata. Na ɗauko wuƙar tebur na kwance tsohon yadda na ga mai gyara ya yi, na kai agogon bakin tagar da ke gefen gadon inda haske ya fi. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ɗan filin nan. Ta kai yatsa za ta shafa, sai ta janye.

"Duk jikinsa haka yake da?"

"Duka, Inna."

"Ni na cire?"

"Ni da ke."

Ta juya tafin hannuwanta tana kallo. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan lokacin ba, kuma ban san inda zan sa kaina ba. Sai na ga tana zamewa daga bakin gado. Matar da sai an kama ta take zama a kan darduma, ta sauka da kanta ta durƙusa a gaban yarinyar da ta goya.

Auta ta zabura tana ƙoƙarin ɗaga ta. "Dada, a'a! Ma fi shai, babu komai, wallahi babu komai!"

"Akwai komai. Kada ki ce mini babu komai. Uwarki ta ba ni zinare, na mayar miki da tagulla. Ban sani ba, amma hannuna ne. Ba cewa za ki yi ba a yi ba. Cewa za ki yi an yi, kin gani, kin yafe."

Auta ta durƙusa ita ma. Ta ce da Larabci, "Na gani, Dada. Ya lalace. Da na gan shi sai da zuciyata ta yi zafi, don launinsa nake tunawa in na tuna Ummi." Sannan ta lalubo Hausarta ta ce, "Na yafe."

Na ɗauka an gama. Inna ta share ido da gefen mayafi ta ce wa auta, "Saura yayanki. Gado ne, da rabonsa a ciki. Kira shi."

Auta ta ce ai shi tun farko ya ce ba ruwansa. Inna ta ce wannan tsakaninsa da uwarsa ne, ita hakkinsa ta sani. Aka buga, aka sa murya a fili. Ga shi dattijo mai jikoki, muryarsa a cike. Da ya ji zancen sai ya ce, "Dada, wannan gunkin? Ni ban taɓa ɗaukarsa dukiya ba. Da ma kin narkar da shi."

"Ban tambaye ka fatawa ba, ɗana. Ko ka so ko ka ƙi, Allah ya sa maka rabo a ciki, ni kuma na ɓata. Ina durƙushe a ƙasa, gwiwata tana ciwo, kuma ba zan tashi ba sai na ji daga bakinka."

Da ya sake magana muryar ta canza, ta koma ta yaron da ake yi wa wanka a baho.

"Kina ƙasa, Dada? Don Allah ku ɗaga ta. Na yafe. Duniya da lahira na yafe. Ke ki yafe mini, shekara nawa ban zo na gaishe ki ba."

"Wannan sai ka zo da ƙafarka," in ji Inna. Ta miƙo mana hannuwa, ni da auta muka ɗaga ta.

Ita da kanta ta sa na mayar da tsohon mazauninsa. Ta ɗora hannun auta a kan agogon ta ce, "Ga ajiyar uwarki." Auta ta ce, "Na karɓa." Muka naɗe shi a bargo, muka sauka da shi mu biyu muna nishi, muka sa a motarta.

Da na hawo na tarar da Inna a bakin gado tana jiran magariba. Na tsaya a bakin ƙofa ina murza yatsu kamar 'yar shekara goma.

"Inna, don kada ranki ya ɓaci ne na ɓoye."

"Na sani. Zo nan." Na zauna, ta dafa kaina. "Ɓacin ran yini ɗaya kika so ki tare mini, ki bar ni in tafi gaban Allah da abin da ban ma san zan nemi yafiyarsa ba. In an rufe ni da ƙasa, wa zai tashe ni in roƙe su? Nan gaba in na yi ɓarna, ki gaya mini tun ina da bakin roƙo."

Na ce, "To, Inna."